Rubutun da Na Goge

Ni ce na koya wa jikana rubutu, kuma ni ce sanadin da ya sa babu ko harafi ɗaya na hannunsa da ya rage a duniya. Na daɗe ina neman hanyar da zan sassauta wannan magana ban samu ba, saboda haka na faɗe ta yadda take.

An kawo mini shi yana da shekara uku da 'yan watanni, ba da daɗewa ba bayan Gusau ta zama babban birnin jiha, lokacin da ake ta ɗaga ma'aikata daga nan zuwa can. Uwarsa, wadda ita ce 'yata ta fari, ma'aikaciyar jinya ce, aka tura ta Tsafe. Ubansa malamin makaranta ne a Bungudu. Gidana a Gusau yana tsakaninsu a kan hanya guda, ni kuma maigidana ya rasu, na bar aiki bayan shekara talatin da ɗoriya ina koyar da aji ɗaya. Ga shi kuma yaron ɗan fari ne, ɗan fari kuwa a wurinmu na kakanni ne, shigarmu addinin Kirista ba ta raba mu da wannan al'ada ba. Uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Shi kuma Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Duk ƙarshen wata sukan zo, ita daga gabas, mijinta daga yamma, su kwana biyu su koma.

Ubansa ya so a sa shi makarantar ƙananan yara da aka buɗe kusa da majami'armu. Na je na duba da idona. Na tarar da 'yan shekara uku kowa da fensir a dunƙule cikin hannu kamar mai riƙe da muciya, suna ta caccakar takarda, malamarsu tana yabo. Na dawo na ce wa surukina, cikin ladabin da ke tsakaninmu, ni zan koyar da shi a gida har ya isa shiga aji ɗaya. Bai musa mini ba. Ban tuna ranar da wani a gidan nan ya taɓa musa mini a kan sha'anin karatu ba.

A makarantar mishan da na yi, rubutu mataki huɗu ne, ba a tsallake ko ɗaya. Yaro zai fara da yatsa a kan rairayi. Idan hannunsa ya saki, a ba shi allo da alli. Ba zai taɓa fensir da takarda ba sai ya rubuta haruffa duka, manya da ƙanana, sau uku a jere babu kuskure. Tawada kuwa sai a aji uku. Baturiyar da ta koyar da mu takan ce takarda ba ta mantuwa, don haka kada a ba ta abin da za a ji kunyarsa gobe. Allo shi ne wurin kuskure, domin ana goge shi a wayi gari kamar ba a yi ba. Takan kwatanta mana wannan da gafarar Ubangiji, wadda ke share laifi ba ta bar tabo ba. Na karɓi wannan koyarwa ina 'yar shekara bakwai, ban kuma taɓa tuhumarta ba sai da na haura sittin. Malamin da ke taimaka wa Baturiyar yana da rula, yana amfani da gefenta a kan gaɓoɓin yatsunmu. Ni ban taɓa dukan yaro a kan rubutu ba, kuma na yi shekaru ina alfahari da hakan. Abin aikina tsumma ne, a jiƙe cikin gwangwanin madara.

Na sa kafinta ya yi wa jikana allo daidai cinyarsa, na baƙanta shi da baƙin tsohon batir da ɗanyen ganye, na kafa masa ƙusa a bangon ɗakina. Kowace safiya, ban da Asabar da Lahadi, da ƙarfe takwas nakan kaɗa cokali a jikin kofin silba, ya fito da wankakkun hannuwa mu zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Tun ranar farko na kafa masa doka: daga takwas zuwa goma ni Malama ce, kafin nan da bayan nan ne nake Kaka. Ya riƙe dokar fiye da yadda na zata. Idan inuwa ta kusa kai bakin randa, ya san lokaci ya yi, sai ya leƙo fuskata ya tambaya ko Kaka ta dawo. Idan na ce da saura, sai ya ce a gaishe ta in an gan ta.

Mukan fara da addu'a, mu yi waƙa ɗaya, ya maimaita ayar da yake haddacewa a makon, sannan in ba shi labari daga cikin Littafi Mai Tsarki. Yana son labari, amma ba ya karɓarsa haka kawai. Ranar da na ba shi labarin makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓata, bai damu da wadda ta ɓata ba, sauran ne suka dame shi. Ya tambaye ni wa ya tsaya musu. Na ce ba a faɗa ba. Ya ce Fulanin da ke wucewa ta bayan gidan babansa a Bungudu ba sa barin shanu su kaɗai, kullum akwai wani a baya da sanda. Ya yi ta wasa da yatsun ƙafarsa, can sai ya yanke hukunci cewa lalle makiyayin nan yana da kaka, ita ya bar wa sauran. Dariya ta taso mini har maƙogwaro. Amma goma ba ta yi ba, sai na ce ya gyara zama.

Rairayi bai ba shi wahala ba, cikin wata huɗu muka hau allo. A nan ne muka daɗe. Kowane harafi ya ba shi hali irin na mutane. Haruffanmu masu lanƙwasa a ka yakan ce sun sa hula. Harafin z kullum baya yake juya masa, in na nuna masa ya ce fushi take yi da na kusa da ita. Wutsiyar y takan zarce har bakin allo kamar ta ƙadangare, layinsa kuma ba ya tafiya a miƙe, sai ya yi ta hawa sama ta hannun dama kamar akuya a kan katanga. Idan ya gama ya miƙo mini, in duba, in faɗa masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, in matse tsumma in goge, ya sake. Wanda ya yi kyau ma gogewa nake yi, domin allo ɗaya ne kuma akwai darasi na gaba. Ƙarfe goma in goge na ƙarshe, in rataye allon baƙi ƙirin, in watsa ruwan gwangwanin a gindin darbejiya.

Maƙwabciyata Hajiya, mutuniyar Wonaka, katanga ce gajeriya tsakaninmu, tana jin duk abin da muke yi in tana surfe. Ita ce ta raɗa wa yaron angon Malama, ta yi ta zuga shi ya tambaye ni tuwonsa tun da shi ne maigida. Wata rana ta ga ina watsa ruwan, ta dogara da taɓarya ta ce, “Malama, yau ma kin wanke ma angon naki aikinai?”

Na ce bai yi daidai ba tukuna.

Ta ce, “Mu ma muna wanke allo. Amma sai yaro ya hardace, kuma ruwan ba mu zubda shi ƙasa. Ke ko kullum ki matse ki watsa ma kaji.”

Na amsa mata cewa kowa da hanyarsa. Ta ce gaskiya ne, amma kaka kaka ce ko ina ta fuskanta in za ta yi addu'a, kuma ita ba ta taɓa ganin kakar da jika ke neman izini kafin ya hau cinyarta ba sai a gidana. Na ɗauki maganar wasa irin nata, na shiga ɗaki.

'Yata ba za ta iya buɗe baki ta roƙi wani abu na ɗanta na fari ba, saboda haka ta gefe take zuwa. Wani zuwan ta ba ni labarin abokan aikinta, yadda kowace ta liƙa 'yar takardar da ɗanta ya zana a cikin murfin kabad ɗinta, ta faɗe shi kamar abin dariya ne na wasu. Wani zuwan kuma, muna tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Mama, wancan ɗalibin naki har yanzu bai kai takarda ba?”

Na tashi na buɗe adakata na nuna mata abin da na tanada: sabon littafin rubutu mai jan layi da shuɗi, da fensir da na riga na fiƙe. Na ce ranar da ya cika sharaɗi, shafin farko nata ne. Ta juya littafin a hannunta ta ce, “Ni ma haka kika ce mini.” Na ce ai ga shi rubutunta ya fi na likitocin da take aiki da su. Ta yi murmushi ta mayar mini, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Abin ya faru ne a ƙarshen sanyi, lokacin da rake ya fara ƙaranci a kasuwa, yaron yana gab da cika shekara biyar. Wata Alhamis na kaɗa kofi, ya fito babu allo. Na tambaya, ya ce allon yana aiki. Na shiga ɗaki na ga ƙusa babu komai. Na sami allon a ƙarƙashin gado, an jingina shi da bango, an lulluɓe shi da tsohon ɗankwalina don kada wani abu ya shafe shi. Na fito da shi haske. A jikinsa an rubuta: Yaya ki zo da rake.

Ban taɓa koya masa haɗa magana ba. Haruffa muke yi da gajerun kalmomi. Shi kaɗai ya zauna jiya da la'asar, ina wajen taron mata a majami'a, ya harhaɗa wannan. Ya sha ganina ina kai wasiƙa tasha in ba direbobin Tsafe, sai ya ce mu je mu ba su allon, in Yaya ta karanta ta taho da raken ranar Asabar.

Na san abin da ya kamata in ji a lokacin, kuma na ji shi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma takwas ta wuce, ni kuma Malama ce. Na zaunar da shi na nuna masa da tsinke: z ta juya baya, wutsiyar y ta yi tsawo, hannuwan k ba su taɓa jikinta ba, kalmomi biyu na ƙarshe sun manne, layin kuma ya hau sama. Kuskure biyar. Na ce ba a aika wa mutum abin da ba a gyara ba, kuma allo ba ya barin aji. Na matse tsumma.

Bai yi kuka ba, bai kuma riƙe hannuna ba. Ya bi tsumman da ido har na gama, sannan ya ce, “Malama, ai ba naki ba ne.”

Na ce a cikin aji duk abin da ke kan allo na Malama ne. Muka ci gaba da darasi. Ranar nan inuwa ta kai bakin randa ta wuce, bai tambaya ko Kaka ta dawo ba.

Ranar Asabar uwarsa ta zo da burodi da lemo. Na gan shi ya leƙa cikin jakarta, ya sake leƙawa, ya koma ya zauna. Ban ba ta labarin allon ba. A tunanina, in na faɗa mata na saka wa rashin bin doka da lada ke nan. Na kuma lissafa cewa nan da 'yan makonni zai cika sharaɗi, ya rubuta mata wannan magana a takarda, tsaf, yadda za ta nuna wa kowa.

Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo unguwarmu. Wata safiya ya ƙi shan koko, amma ya fito da na kaɗa kofi. Ya ja layi biyu ko uku a allo, ya ajiye alli ya ce wuyansa yana ciwo. Na taɓa goshinsa na ji kamar bakin murhu. Wannan ce rana ta farko da na tashi aji kafin lokaci. Hajiya ta samo mana mota, aka aika wa iyayensa, duka suka iso kafin azahar. Ma'aikatan asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ni shaida ce. A rana ta biyu ya buɗe ido ya dube ni kamar daga nesa, ya tambaya ko goma ta yi. Na ce ta yi, Kaka ce. Ya mayar da ido ya rufe. A rana ta uku da hantsi Ubangiji ya karɓi abinsa.

Mutane sun yi mana kara. Matan majami'a suka cika tsakar gida, maƙwabta Musulmi suka yi ta shigowa gaisuwa, Hajiya ta kwana uku tana ɗora tukunya a gidanta ana miƙo mana ta kan katanga. 'Yata ba ta yi kuka a gaban kowa ba, tana ta zuba wa baƙi ruwa kamar ɗan wata ne ya rasu. Sai ranar da za ta koma Tsafe ta shigo ɗakina, ta mayar da labule, ta ce, “Mama, ba ni wani abu da ya rubuta. Ko mene ne. Ko marar kyau.”

Na buɗe adaka, alhali na san abin da ke ciki. Littafin yana nan fari fat. Na juya wajen ƙusa. Allon yana rataye, baƙi ƙirin. Ko layukan nan biyu na safiyar ƙarshe babu su, domin kafin in ɗauki yaron hannuna ya riga ya matse tsumma ya goge, ban ma san na yi ba. Shekara ɗaya da rabi yana rubutu kowace safiya a gabana. 'Yata ta dubi allon, ta dubi gwangwanin da ke ƙarƙashinsa, ta ce to, sai wata rana. Ƙarshen watan ba ta zo ba, na bayansa ma haka.

Fastonmu ya ziyarce ni, na faɗa masa. Ya tuna mini cewa Ubangijinmu kansa, lokacin da yake duniya, sau ɗaya aka ce ya yi rubutu, da yatsa a ƙasa, kuma babu wanda ya adana shi. Na gode masa, domin da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma wancan nasa ne ya bar wa iska, ni kuwa na wani na goge.

Surukina ne ya tuna cewa a hutun Kirsimeti yaron ya yi rubutu da gawayi a bangon baya na gidan da yake haya a Bungudu, kusa da rumbu. Ni ma na tuna, domin da na ji labarin a lokacin na yi masa faɗa a kan barin yaro yana ɓata hannunsa. Washegari na shiga mota. Mai gidan wani dattijo ne manomi, gonarsa tana wajen Karakkai. Da muka zagaya baya sai na ga bangon sumul, ja, har da sawun yatsun magina. Ya yi sabon yaɓe mako biyu da suka wuce, don damina ta ƙarato. Da surukina ya yi masa bayani, sai ya shiga gida ya fito da wuƙa. Ya tambayi tsawon yaron, na nuna masa da hannu. Ya durƙusa, da tsufansa, ya fara kankare sabuwar ƙasar a hankali kamar mai fere ƙwarya. Ya fi sa'a guda a haka, rana tana dukansa, ya ƙi yarda surukina ya karɓe shi. Amma sabuwar ƙasa ta riga ta kama tsohuwa, duk inda ya ɓamɓaro sai gawayin ya biyo ta ya zube. Abin da ya fito kawai wani duhu ne a bango, faɗin tafin hannu, ba ya kama da komai. Dattijon ya miƙe yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Ya yi mini addu'ar da suke yi in ƙaramin yaro ya rasu, Allah ya sa mai ceto ne. Na ce amin.

A mota ina dawowa na lura da wani abu. Ayoyin da ya haddace sun fara cuɗe mini, muryarsa ma wani lokaci sai na yi da gaske kafin in jiyo ta. Amma layin nan na ranar Alhamis yana gabana kamar yanzu aka rubuta, domin na bi shi da tsinke harafi bayan harafi. Na san inda kowanne ya karkace da iyakar karkacewarsa.

Na ciro littafin daga adaka. Duk daminar nan, daga takwas zuwa goma, ina zaune a ƙofar ɗaki ina ƙoƙarin rubuta kalmomi biyar yadda ya rubuta su. Hannuna ya ƙi. Hannun da ya yi shekara kusan sittin yana bin layi ba ya sauka daga kansa don an ce ya sauka. In na juya z baya, sai ta fito a tsaye, tsaf, kamar ado aka yi. Na ɓata shafuka da yawa daga bayan littafin. A ƙarshe na sauka daga kujera na zauna a ƙasa, na ɗora littafin a cinya, na dunƙule fensir cikin hannu yadda na yi rayuwata ina hana yara, na fitar da harshe gefe kamar yadda yakan yi. Ranar da ya fito daidai, na gane shi nan take, na rufe littafin na kasa sake dubawa har kwana biyu. Bayan haka na kwafe shi a shafin farko.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in ce mata na tsinto shi ne a cikin kayansa. Da ta yarda, domin tana so ta yarda. Na yi mako guda ina juya wannan a raina. Amma ni ce na koya mata dokar da ta hana shaidar zur, a ƙarƙashin darbejiyar nan. Saboda haka a ƙasan shafin na rubuta da hannuna na kullum cewa wannan kwafi ne, na asalin a kan allo yake, kuma ni na goge shi.

Na tafi Tsafe da kaka, ana yankan gero. Ɗakinta yana bayan wurin aikinta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta kawo ruwa, ta tambayi Hajiya da mutanen majami'a ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare na miƙa mata littafin a buɗe, na ce kafin ta duba ta sani ba hannunsa ba ne, nawa ne, amma haka ya rubuta, ban gyara komai ba. Na ba ta labarin ƙarƙashin gado da ɗankwali da tasha, da kuskure biyar, da abin da ya ce mini. Ban rage ba.

Ta daɗe tana dubawa. Ta bi wutsiyar y da ɗan yatsa har bakin takarda.

“Yaushe ya rubuta?”

“Laraba, kafin zuwanki na ƙarshe yana da lafiya.”

“Na zo ran Asabar.”

“Kin zo.”

“Burodi na kawo,” in ji ta. “Na gan shi yana leƙa jaka. Na zaci lemon ne bai ishe shi ba.”

Na ce laifin nawa ne, kuma ban zo don ta ce mini ba komai ba. Ba ta ce ba komai ba. Ta ajiye littafin a kan gado, ta ɗauki mayafi ta fita, ta bar ni zaune. Na zaci ta tafi ke nan sai na gaji na kama hanya, kuma da ta yi hakan da ban ga laifinta ba. Can sai ga ta da sandar rake guda. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko wuƙa da tire, ta zauna tana ferewa, tana yankawa gaɓa gaɓa. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a Gusau ba, hannunta bai daina aiki ba. Da ta gama ta turo tiren gabana. Ta san na yi shekaru ba ni da haƙoran shan rake. Na ɗauki gaɓa ɗaya na sa a baki na riƙe.

Kafin in tafi ta yanke shafin da reza, a hankali, ta bin gindinsa. Ta ninke ƙasan, inda kyakkyawan rubutuna yake, ta mayar da shi baya. Ta buɗe kabad ɗinta ta liƙa shi a cikin murfin, karkataccen layin kaɗai ake gani. Sauran littafin ta miƙo mini, ta ce in tafi da shi, ita wannan ya ishe ta. Ta raka ni tasha, ta jira har mota ta cika.

Ƙarshen watan ta zo Gusau. Ta shiga ɗakina ta ajiye jaka, ta ga allon a kan ƙusarsa, ta ce in bar shi a nan. Gwangwanin ne ta ɗauka ta fita da shi, ban tambaye ta inda ta kai shi ba.